Yadda ake shirya maƙalar adabi kafin a tura wa mujallar jami'a

Maƙalu da yawa ba sa kai wa hannun masu tantancewa, tun a teburin edita ake mayar da su saboda marubuci bai bi ƙa'idojin mujallar ba. Don haka kafin ka tura, nemi fitowar ƙarshe ta mujallar da kake so, ko Algaita ce ta Jami'ar Bayero, ko Harshe ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko Ɗunɗaye ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka karanta sanarwar da aka yi wa marubuta, sannan ka duba maƙala biyu ko uku da aka buga a ciki. Kowace mujalla da tsarinta, kuma nata ne ke gaba da duk abin da za a faɗa a nan.

Sunanka da sashenka da adireshin imel su tsaya a shafin farko shi kaɗai. Mai tantancewa bai kamata ya san wanda ya yi aikin ba, shi ya sa ake cire wannan shafi. Idan ka rubuta “kamar yadda na nuna a kundina na digiri na biyu” a tsakiyar maƙala, ka tona kanka. Kawo aikin naka da suna da shekara, kamar na wani.

Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙala da ake sawa a farkonta, galibi kalmomi 150 zuwa 250 ne, a sakin layi ɗaya: me aka nazarta, da wane ra'i (wato mazhabar nazari), ta wace hanya, me aka gano. Na ƙarshen nan ake yawan mantawa. Tsakuren da ya ƙare da “za a kawo sakamakon bincike” bai gaya wa edita komai ba. Ƙarƙashinsa a sa muhimman kalmomi uku zuwa biyar.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gundarin aikin. Marubuci zai cinye shafi shida a kan ma'anar adabi da tarihin mawaƙi, ya jero baitoci, ya sake faɗin abin da baitin ya ce da zube, ya kira wannan nazari. Mai tantancewa yana son ya ga abin da ka hango wanda mai sauraro bai hango ba: me ya sa aka siffanta sarki da giwa a wannan ɗango, aka koma ruwa a na gaba, me amshi ke ƙarawa a kan abin da jagora ya faɗa. Ra'in da ka ambata a gabatarwa kuma a gan shi yana aiki a kan misalan. Idan za a iya goge shi ba tare da wata jimla ta girgiza ba, to ado ne kawai aka yi da shi.

Waƙar baka tana da nata sharuɗɗa. Faɗi sunan makaɗi da na waƙar da inda ka samo ta, domin makaɗi yakan rera waƙa ɗaya sau da dama, ɗiyan, wato baitocinta, kuma su bambanta. Raba kalaman jagora da na 'yan amshi. Kada ka gyara Sakkwatanci ya koma daidaitacciyar Hausa; rubuta shi yadda aka furta. Hira kuwa a kawo sunan wanda aka zanta da shi da wuri da rana, bayan an nemi izininsa.

Sai maganar haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya buga aikinsa da tsohon font irin Rabi'at, da zarar an buɗe shi a kwamfutar da ba ta da shi, “ƙasa” sai ta koma “}asa”, “waɗannan” ta koma “wa]annan”. Yi amfani da ɓ, ɗ, ƙ na Unicode, sannan ka buɗe fayil ɗin a wata na'ura ka gani da idonka. Ka kuma bi ƙa'idar rubutu: “shi ne” da “za a” a rabe, “yana” da “ake” a haɗe.

Manazarta yawanci a tsarin APA ake so, wato tsarin kawo madogara na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka. Duk sunan da ya fito a cikin maƙala ya fito a manazarta, kuma shekarun su dace. A wannan tsari, maganar wani da ta kai kalmomi 40 ana ware ta a matsa da ita ciki, a sa lambar shafi. Akwai mujallun da ke duba satar fasaha da manhajar Turnitin, kuma kwafe babi daga kundinka ba tare da ambato ba ma yana iya fitowa a can.

Kada a tura maƙala ɗaya wa mujallu biyu a lokaci guda. Tantancewa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, don haka mujallar da ta yi alƙawarin bugawa cikin kwana uku muddin an biya kuɗi abar gudu ce. Idan gyare-gyare suka dawo, yi su ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa da 'yar takarda mai nuna shafin da aka yi kowane gyara. Wanda ba ka yarda da shi ba, rubuta hujjarka cikin ladabi, ka mayar kafin wa'adin da edita ya ba ka ya cika.