Yadda Za Ka Raka Rubutunka Daga Daftarin Farko Zuwa Akwatin Talabijin

Duk marubucin da ya miƙa wa furodusa labari a Legas ya kamata ya sa a ransa cewa abin da za a haska ba zai zo daidai da abin da ya rubuta ba, domin rubutun zai bi ta hannun darakta da 'yan wasa da mai tacewa da tashar da za ta saya, kuma kowannensu yana da dalilin taɓa shi. Abin da ya rage gare ka shi ne ka san abin da za ka saki da abin da za ka riƙe. Saboda haka, kafin ka miƙa daftarin farko, ka rubuta wa kanka jimla ɗaya a kan kowace fitowa, wadda ke faɗin aikin da take yi a labarin, misali: a nan ne Sani ya gane cewa kawunsa ya cinye masa jari.

Gyaran farko na tsawo ne. A ƙa'idar masu sana'ar, shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya a allo, kuma shirin rabin awa ba ya cika minti 30 saboda tallace-tallace. Ka rage da hannunka kafin wani ya rage maka.

Gyara na biyu shi ne na kuɗi da lokeshan, kuma a nan ne Legas take nuna halinta. A ce ka rubuta cewa Sani, ɗan acaba, ya tare kawunsa da dare a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, ana tsuga ruwan sama. A takarda abin yana da daɗi, amma furodusa zai lissafa neman izini da fitilu da cunkoson motoci, zai kuma tuna maka cewa tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaba a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Apapa. Idan ka ce a mayar da ita kasuwar Mile 12, mai ɗaukar sauti zai ce hon ɗin motocin danfo da ƙarar janareta za su haɗiye maganar. Ƙarshenta sai ka ga fitowar ta koma wani ɗaki a Agege, Sani yana durƙushe a bakin ƙofa, kawun yana ƙirga kuɗin tumatir a kan tabarma. Kada ka ɓata ƙarfinka wajen kare gada da ruwan sama. Ka duba jimlar nan da ka ajiye, in har Sani ya gane gaskiyar a cikin ɗakin, fitowar ta yi aikinta. A ganina ma sau da yawa ɗakin ya fi gadar tasiri, domin a nan ne mai kallo yake ganin idon mutum.

Daga nan sai zaman karatu, inda 'yan wasa suke karanta rubutun da murya a gaban darakta. Ka halarta da biro, ka saurara fiye da yadda kake magana. Na taɓa rubuta wa wani yaro ya ce wa kawunsa, "Ka ci amanata," sai dattijon da ke fitowa a matsayin kawun ya ajiye takardar ya ce, "Malam, ɗan da aka yi wa tarbiyya ba ya faɗa wa babba haka ido da ido." Muka mayar da ita, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, ina son in ji inda kuɗin nan suka shiga," kuma zafin maganar ya ƙaru. A irin wannan zama ne kuma ake auna Hausar Legas, wadda ke ɗauke da ɗan Yarabanci da Buroka, a ga iya abin da mai kallo a Kano ko Sakkwato zai fahimta.

Da zarar an kulle rubutun domin ɗauka, lambobin fitowa ba sa canzawa. Idan an ƙara sabuwa bayan ta 12, sai a kira ta 12A. Idan an cire wata, a bar lambarta a rubuta cewa an cire. Manyan kamfanoni suna buga shafukan gyara a takarda mai launi, fari da farko, sannan shuɗi, sannan ruwan hoda, sannan rawaya. Ko da ta WhatsApp kuke aika wa juna, ka sa kwanan wata a sunan kowane kwafi, domin kada jaruma ta haddace layin da aka soke jiya.

Tasha ma tana da nata sharuɗɗan, tunda Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, tana sa ido a kan abin da ake haskawa, musamman a lokacin da yara ke kallo. Ka tanadi wani lafazi na biyu ga duk maganar da ta taɓa addini ko ƙabila ko zagi.

Gyaran ƙarshe a ɗakin tacewa ake yin sa, inda kallo ɗaya na jarumi kan maye gurbin layi uku, a kuma jawo fitowa ta gaba ta dawo baya domin a tafi talla ana cikin zullumi. Ka nemi izinin ganin tacewar farko, ka zauna da rubutunka a cinya, ka yi alama a duk inda aka yanke bayanin da kashi na gaba zai dogara da shi, ka sanar da darakta kafin a miƙa wa tasha.