Yadda za ka gane tsohon komik na su Donald Duck kafin ka biya kuɗinka

Waɗannan tsofaffin littattafan komik na dabbobi masu magana, su Donald Duck, Bugs Bunny, Tom da Jerry, Woody Woodpecker, duk daga katun na silima aka ɗauko su a Amurka, kuma yawancinsu kamfanin Dell ne ya fitar da su tare da Western Publishing tun farkon shekarun 1940. In kana so ka fara tara su to abu na farko kar bango ya ruɗe ka, buɗe ciki.

Duba ƙasan shafin farko ko bayan bango daga ciki, akwai wani ɗan ƙaramin rubutu da mutane ba sa kulawa da shi, nan ne ake sa sunan littafin na ainihi da lamba da shekarar bugu da kamfani. Wannan rubutun yana da muhimmanci sosai musamman a jerin da ake kira Four Color wanda Dell ya yi daga 1939 zuwa 1962, lambobinsa sun haura 1300, domin a bango za ka ga Bambi ko Porky Pig da manyan harufa amma lambar tana maƙale a gefe ƙarama, kuma da lambar nan ake neman littafin a kundin farashi na Overstreet. Misali lamba 9 ta 1942 ita ce dogon labarin Donald Duck na farko da Carl Barks ya zana tare da Jack Hannah, lamba 178 kuma ta ƙarshen 1947 a nan Scrooge, attajirin kawun Donald Duck, ya fara fitowa.

Farashin da ke jikin bango ma yana gaya maka zamani. Senti 10 na da ne, Dell ya kai shi 15 a 1961, sai a 1962 Western ya rabu da Dell ya fara fitar da nasa da sunan Gold Key yana sayarwa senti 12. To ka lura, Gold Key sun sake buga tsofaffin labarai da yawa, labari ɗaya ne zane ɗaya ne amma a wajen masu tarawa darajarsu ba ɗaya ba. In karatu kawai kake so sayi na Gold Key ɗin, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ni ma da su nake ba mutum shawara ya fara.

Sai ƙirga shafuka, wannan kam kar ka yi ƙyuya. Na farkon 1940 shafi 68 ne har da bango, daga baya suka koma 52 sannan 36. Ka tuna yara aka yi wa littattafan nan, sun yanka, sun yi fenti, sun rubuta sunansu da biro, wani ma ya cire takardar tsakiya gaba ɗaya. Buɗe tsakiyar ka ga ko labarin yana ci gaba daidai, ka duba ƙarfe biyun da aka ɗinke littafin da su ko sun yi tsatsa, ka taɓa gefen takarda a hankali, in tana ɓarewa kamar busasshen ganye ka haƙura da shi. Layin da kake gani ya ratsa tsakiyar bango daga sama har ƙasa kuwa ninkewa aka yi lokacin da ake aika wa masu biyan kuɗin shekara ta gidan waya.

Kar ka nemi sunan mai zane a ciki, yawanci ba a sa wa. Barks ya yi shekaru yana aiki masu karatu ba su san sunansa ba, zanensa kawai suke ganewa, abin yana taɓa min zuciya wallahi. Sai dai ka bi lamba ka duba a rumbun bayanai na Grand Comics Database a intanet.

Wajen ajiya, takardar irin ta jarida ce mai asid, rana da zafi da danshi su ne ke cinye ta. Kowane ɗaya ka sa shi a ledarsa da kwali marar asid a bayansa, ka jera su a tsaye cikin akwati a wuri mai sanyi da duhu. In ya yage ka bar shi haka, salatif yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Wanda kamfanin CGC mai tantance lafiyar komik ya auna ya ba maki daga 0.5 zuwa 10 yana zuwa ne a rufe cikin roba, mai tsada sosai ne ya cancanci haka, don da zarar an rufe ba ka da damar buɗewa ka karanta sai ka fasa robar.