Yadda za ku samu likita a Ingila idan kun sauka da iyali

Duk shekara, daga Satumba zuwa Janairu, nakan tarbi sababbin zuwa a nan Manchesta: miji da mata da yaro ɗaya ko biyu, akwatuna cike da kuka da kuɓewa da yaji. Kusan dukansu kuskure ɗaya suke yi. A nemi gida, a buɗe asusun banki, a sayi rigunan sanyi, maganar asibiti kuwa a bar ta sai ranar da yaro ya kwanta. A gida hakan na yiwuwa, ka saɓi yaro ka je ka yanki kati, ko ka tsaya kyamis ɗin bakin layi a haɗa maka magani. A nan babbar ƙofar shiga harkar lafiya ita ce likitan unguwa da suke kira GP, kuma sai da rajista.

Ba zan ɓata lokaci kan kuɗin lafiyar da ake biya tare da biza ba, tunda yawancin waɗanda suka iso sun riga sun ji zafinsa: fam 1,035 a shekara ga babba tun Fabrairun 2024, fam 776 ga ɗalibi da iyalinsa da yara. Ku dai sani wannan kuɗin ya ba ku damar ganin likita da kwanciya asibiti a tsarin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ba tare da an sake karɓar ko kwabo ba.

Abu na farko, ku yi rajista a makon da kuka sauka, ko da a falon wani kuke kwana. Ku shiga shafin NHS, ku sa lambar unguwarku, zai fito muku da ɗakunan likita na kusa. Kowane mutum da fom ɗinsa, har jariri. Wasu sukan jinkirta wai ba su da takardar haya ko takardar wuta da sunansu. A ƙa'idar NHS ta Ingila ba dole ba ne a nuna shaidar adireshi ko fasfo ko biza kafin a yi wa mutum rajista. In mai karɓar baƙi ta nace, ku faɗa mata haka cikin ladabi, in ta ƙi ku nemi ganin manaja. Ni shawarata ku zaɓi wanda za a iya takawa da ƙafa cikin minti 15, komai yabon da ake yi wa na nesa. Ranar da ake ruwa da iska, maigida yana wurin aiki, uwar yara tana tura keken jariri, za ku gane dalili. Bayan rajista za a aiko wa kowa lambarsa ta NHS mai alƙaluma 10. Ku ajiye ta a waya.

Abu na biyu, katin rigakafin yara. Kada ku bar shi a gida, in kuma kun bari, a ɗauko hotonsa a turo. Ku nemi ganin nas ta duba shi, domin jadawalin nan ya sha bamban da namu. Allurar ƙyanda da ake yi wa yaro yana wata 9 a Najeriya ko Nijar ba sa ƙirga ta, tunda an yi ta kafin ya cika shekara, don haka za a sake. Akwai kuma wata ta sanƙarau da ba ta cikin jadawalinmu. Za a ba ku jan littafi, shi ne katin yaro na nan. Wani abu da ba kowa zai gaya muku ba: allurar ƙyanda iri biyu ce, ɗaya akwai sinadarin alade a ciki, ɗaya babu, haka ma rigakafin mura da ake fesa wa yara a hanci, akwai na allura a madadinsa. Ku faɗa tun lokacin da kuke neman rana, don su tanadi wadda kuke so. Na ga iyayen da suka ƙi rigakafin gaba ɗaya saboda wannan, alhali tambaya kawai za su yi.

Kafin ku koma gida ranar, ku biya kanti ku sayi ma'aunin zafin jiki da farasitamol na yara. Na ƙaramin kanti da ba shi da suna aikinsa ɗaya da Calpol, wanda ya fi suna a nan, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Ma'aunin ya fi maganin muhimmanci, ga dalili.

Matakin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne kiran wayar neman ganin likita, kuma a nan ni ma na faɗi. Mu an raine mu a kan cewa in aka ce "ya jiki?" amsar ita ce "da sauƙi", ko da mutum ba ya iya ɗaga kai. Tarbiyya ce, tawakkali ne. Amma wadda ke ɗaga waya a ɗakin likita ba gaisuwa take yi ba. Amsar da aka ba ta ita za ta rubuta, kuma da ita za a yanke ko yau za a ga yaro ko sai mako mai zuwa.

A sanyinmu na farko 'yarmu tana wata 14. Kwana uku tana zazzaɓi da tari, ta daina karɓar nono sosai. Ina wurin aiki, mamanta ta kira. Aka tambaye ta yaya yarinyar take yau, ta ce ta ɗan samu sauƙi, domin da safe ta ba ta farasitamol jikin ya ɗan huce. Aka ba ta rana bayan kwana 9, ta yi godiya ta ajiye waya. Da na dawo bayan magariba na ɗaga rigar yarinyar, sai na ga fatar ƙasan haƙarƙarinta tana lotsawa ciki duk numfashi, madigarta ta ɗan faɗa, famfas ɗin da aka sa mata tun hantsi a bushe. A daren muka tafi sashen gaggawa. Limoniya ce, sai da ta kwana biyu da robar iska a hanci. Har yau uwarta takan ce da ta san ba gaisuwa ake yi ba, da ta faɗi komai.

Saboda haka kafin ku kira, ku zauna ku rubuta a takarda. Shekarun yaro. Kwana nawa da farawa. Zafin jiki da lamba, 39.2 misali, ba "jikinsa da zafi" ba, kuma ku faɗi mafi girman da kuka auna, ba na bayan shan magani ba. Sau nawa ya sha ruwa ko nono, famfas nawa ya jiƙa tun safe, yana wasa ko ya yi laushi. Ku fara da abin da ya fi ba ku tsoro, kada ku bar shi ƙarshe kamar yadda muke yi in za mu roƙi babba. Sannan ku faɗa a fili cewa kuna so a gan shi yau. Wannan ba rashin kunya ba ne a wurinsu, haka kowa ke yi. Alhamdu lillahi a faɗe ta a zuci, ita kuma a ba ta lamba.

Ku kira da ƙarfe 8 na safe daidai, ba 8 da kwata ba, domin guraben ranar sukan ƙare nan da nan. Yawancinsu yanzu suna da fom a intanet, ni na fi son sa, tunda mutum zai rubuta a natse ba wanda ke katse shi. Idan Turancin bai zauna ba, ku nemi tafinta. Kyauta ne, amma na Hausa sai an nema da wuri. Maigida, kada ka mai da kanka tafintan dindindin na matarka; akwai abin da ba za ta faɗa a gabanka ba, kuma tana da damar neman likita mace. Ganin likita minti 10 ne galibi, matsala ɗaya. In da matsala biyu, ku nemi gurbi biyu tun a waya. In an ba ku rana ba za ku samu zuwa ba, ku kira ku soke, musamman ta yara, domin suna rubuta cewa ba a kawo yaro ba.

Kada ku yi fushi in likita ya duba yaro ya ce ku je ku ci gaba da farasitamol da ruwa. Na san yadda abin ke ci wa mutum rai, mun saba a fito da leda cike. Yawancin mura da tarin yara ba sa jin maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma a nan ba a sayar da shi sai da takardar likita. Abin da za ku yi shi ne ku tambaye shi kafin ku tashi: wace alama zan gani in dawo, kuma ina zan je in dare ya yi?

Amsar ta biyu ita ce 111. Lamba ce ta kyauta, dare da rana, su ma suna da tafinta, kuma suna iya sama muku likita a daren. 999 kuwa ta rai kwakwai mutu kwakwai ce: numfashi da ƙyar, jijjiga, yaron da ya ƙi farkawa, ƙurajen da ba sa ɓacewa in an danna musu kofin gilas. A fatarmu ƙurajen ba sa fitowa sosai, sai a duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. Jariri ƙasa da wata 3 in zafinsa ya kai 38, ba a jira sai gobe. Ƙananan abubuwa irin ciwon kunne da ciwon maƙogwaro, tun Janairun 2024 mai kyamis a Ingila yana iya dubawa ya ba da magani, ku fara da can.

Kuɗin magani, a 2025 fam 9.90 ne kowane iri ɗaya a Ingila, a Sikotland da Wales kyauta. Yara 'yan ƙasa da 16 ba sa biya. Mai hawan jini da ke karɓar magani iri biyu duk wata ya sayi takardar shekara ta fam 114.50, ta fi sauƙi.

Mai ciki ba ta buƙatar jiran likita, ta cike fom ɗin ungozoma na asibitin yankinsu da kanta, kafin ciki ya kai mako 10, domin a lokacin ake gwajin sikila. Ta tuna wa ungozomar takardar yafe kuɗin magani, wadda ke aiki har shekara guda bayan haihuwa, ta haɗa da likitan haƙori. Shi likitan haƙorin rajistarsa daban ce, samunsa kuma wahala, ku sa suna a wurare uku ko huɗu. Kaciya, galibi NHS a Ingila ba ta yin ta addini, sai asibitin kuɗi. Ku tabbatar asibitin yana da rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci, kada a kira kowa gida. Bitamin D kowa ya riƙa sha, maikirogiram 10 a rana duk shekara, yara na ɗigawa, domin hasken ranar ƙasar nan ba ya isar fata irin tamu. In kun je gida hutu kuka dawo wani ya yi zazzaɓi, ko bayan watanni ne, kalmar farko da za ku faɗa ita ce kun dawo daga ƙasar da ke da maleriya, kuma a ranar za a gwada jini.

Sai Hajiya da za ta zo wankan jego. Bizar ziyara ba ta cikin tsarin da kuka biya. Likitan unguwa da sashen gaggawa za su gan ta kyauta, amma in aka kwantar da ita za a caje ta kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, bashin da ya kai fam 500 kuma yana iya hana ta biza nan gaba. Ku saya mata inshorar tafiya kafin ta hau jirgi, ku bayyana ciwon suga ko hawan jinin da take da shi a fom ɗin, ta kuma taho da maganinta na duk watannin a cikin kwalinsa, tare da takardar likitanta.