Yadda za ka haɗa wa ƴar mesa keji, musamman a yanayin Arewa

Tun farko bari mu fahimci juna, mesar da nake magana a kanta ita ce ƙaramar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, kuma ƴar yankinmu ce, daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da mafi yawansu zuwa Turai da Amurka. Babbar mesar daji kam da ke wuce mita 4 ba kayan gida ba ce, balle kububuwa ko gamsheƙa, wannan ko da wasa kar ka fara.

Girman keji ba wani lissafi mai wuya ba ne, so ake ta iya miƙewa sosai ba tare da ta lanƙwashe ba. Babba takan kai santimita 90 zuwa 150, mace ta fi namiji girma, to ka sa kafinta ya yi maka mai tsawon aƙalla santimita 120 (in ta fi haka tsawo sai a ƙara), faɗi 60, tsayi 60. Wasu za su ce ai babban keji na firgita jaririya, gaskiya abin da ke firgita ta fili ne fayau babu wajen ɓuya. A daji fa cikin ramin ɓera da tsohon suri take wuni, sai dare ta fito. Don haka maɓoya biyu dole, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a ɓangaren sanyi, kuma matsattsu waɗanda jikinta zai taɓa gefe da gefe. Ƙaramin kasko ka kife ka fasa masa ƙofa ka goge bakin ya isa, ba sai ka kashe kuɗi ba.

Inda aikin yake shi ne zafi da ɗanshi. Gefe ɗaya ya zama digiri 30 zuwa 32, ɗayan 24 zuwa 27, ita za ta zaɓi inda take so. Yawancin shawarwarin intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, kullum maganarsu a ƙara zafi, mu kuma a Kano ko Sakkwato watan Afrilu zafi na haura 40, kejin gilashi kusa da taga ko ƙarƙashin kwano ba silin zai iya kashe ta cikin wuni guda, saboda haka a bazara ɗakin da ya fi sanyi a gidan za ka nema mata ka kashe duk wani abin ɗumamawa. Da hunturu kuwa dare na sanyi, nan ne za ka buƙaci abin ɗumama keji, amma lallai ka haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai, don maciji na iya kwanciya kan abu mai zafi har ya ƙone bai matsa ba. Tunda wutar NEPA sai a hankali, in da hali ka jona da sola.

Ɗanshi ana son kashi 60 zuwa 70 cikin 100, hunturu kuwa busar da komai yake, sai ka ga ta zo saɓa fatar ta maƙale mata har a ido. Shi ya sa ni na fi son kejin falanki da aka shafe cikinsa da abin hana ruwa ya bushe sarai, gilashi a gaba kawai, ƙananan ramukan iska a gefe. Murfin raga zalla zubar da ɗanshi yake. A ƙasa ka shimfiɗa dakakken ɓawon kwakwa ka riƙa yayyafa ruwa, kar dai ya jiƙe sharkaf. Garin katakon wajen kafintoci bar shi, ba ka san itacen ba kuma wasu man jikinsu na cutar da numfashinta. Kwanon ruwa ya zama mai nauyi don kar ta kifar.

Sai ƙofa, ka sa mata sakata da kwaɗo, duk kafar da kanta ya shiga jikinta ma zai bi, in kuwa ta leƙa gidan maƙwabta ba wanda zai tsaya tambayar ko tana da dafi, sanda kawai za a ɗauko.