Kurakuran da masu tsara sutura suka fi yi a kasuwar sarin tufafi, da yadda ake gyara su

Wanda ya tsaya a gaban rumfarka a kasuwar baje kolin tufafi ba riga ɗaya ya zo saya don ya sa ba. Ɗan sari ne, ko dai mai kanti ko wakilin wani babban shago, kuma lissafin da ke kansa daban ne: guda nawa zan ɗauka, yaushe za a kawo mini, kuma za su fita kafin yayinsu ya wuce? Yana da rumfuna da yawa da zai leƙa kafin yamma, don haka lokacinsa kaɗan ne. Aikin mai tsara sutura a irin wannan wuri shi ne ya nuna masa kayan yadda suke a zahiri, ta hanyar da za ta sa ya rubuta oda ba tare da fargaba ba. Yawancin kurakuran da ake yi daga manta wannan suke tasowa, musamman ga waɗanda suka fito daga aikin hoton mujalla ko kwalliyar biki.

Rufe rigar da ake son sayarwa

A hoton mujalla ana yaba wa wanda ya ɗora kaya kan kaya: riga, sai falmaran, sai kwat, sai gyale da ɗamara mai faɗi. A kasuwar sari wannan asara ce. Ɗan sari yana son ya ga wuyan rigar, inda ɗinkin kafaɗa ya zauna, tsawon hannu, aljihu, da yadda yadin ke zuba. Idan ɗamara ta rufe kugu, bai san ko rigar tana da roba a wurin ko a sake take ba, kuma abin da bai gani ba ba zai zuba kuɗinsa a kai ba.

Gyaran shi ne a kowane haɗi ka zaɓi abu ɗaya da ake so ya tafi, sauran su zama masu taya shi fitowa. Kaya uku a jiki sun isa mafi yawan lokaci. In dole sai an ɗora kwat, a bar shi a buɗe, kuma mai tallar kayan, wato wadda ke sanye da su don nunawa, ta cire shi a gaban mai saye don ya ga abin da ke ƙasa. Haka kuma kada ka haɗa da kayan da kamfanin ba ya sayarwa har su fi nasa jan ido. Idan tambayar farko da aka yi ita ce "wannan jakar fa, nawa ce?" alhali ba taku ba ce, to jakar ta cinye tallar.

Matse riga da fil har ta canza kama

Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne tsada, domin illarsa ba ta bayyana sai bayan watanni. Samfur yakan zo da girma ɗaya ne, mutum-mutumin da za a sa wa kuwa sau da yawa ya fi rigar siranta. Sai mai tsarawa ya tattaro yadin ta baya ya danne da fil ko maƙale, rigar da aka yanka a sake ta koma mai kama jiki. Ɗan sari ya gani ya yi sha'awa, ya rubuta oda. Ranar da kwalaye suka isa kantinsa sai ya tarar da wata riga daban. Abin da ke biyo baya sananne ne: ya mayar da kayan, ko ya nemi ragi, ko ya yi shiru amma ba za a sake ganinsa a rumfar ba.

Ba a hana gyara ba. Abin da ake so shi ne gyaran ya mayar da rigar yadda za ta zauna a jikin wanda girmanta ya dace da shi, kada ya wuce nan. Kafin ka taɓa fil, ka tambayi wanda ya zana ko ya yanka rigar yadda aka nufa ta zauna. Ka auna ƙirji, ƙugu da kwatangwalo na mutum-mutumin da tef, ka kwatanta da awon da ke takardar samfurin. Idan an yi rigar ne da sararin santimita 10 a ƙirji, to santimita 10 ɗin nan sai an gan shi. Idan mutum-mutumin ne ya yi ƙanƙanta, ya fi kyau a cika shi da soso ko auduga a kafaɗa da ƙirji maimakon a rage rigar. Ragin da ya zama dole a raba shi biyu a gefunan baya, kada a tara shi a tsakiya, don tarawa wuri guda na janye ɗinkin gefe zuwa baya, kuma gwanin ɗan sari da kallo ɗaya zai gane.

Akwai yadin da fil ba ya shiga sam: fata da mai kama da ita, satin, siliki mai santsi, da yadin da aka shafe don hana ruwa. Hujin da fil ya yi a jikinsu ba ya rufewa. Nan maƙale ake sawa, shi ma a sa ɗan ƙyalle tsakaninsa da yadin. Inda fil ya halatta, a soka shi ta cikin layin ɗinki.

Rashin sanin takardar kaya

Kowane kamfanin sari yana da takarda mai jerin kayansa: lambar kowace riga, launukan da ake da su, girma-girma, farashin sari, mafi ƙarancin adadin da za a iya saya, da watan da za a kawo. Mai tsara suturar da bai zauna ya karanta ta ba zai yi ta haɗa abin da ba zai haɗu a kanti ba. Misali, ya haɗa siket da za a kawo a watan Maris da rigar da sai Mayu za ta fito. A rumfa sun yi kyau, amma mai kanti ba zai iya jera su tare ba, don kafin rigar ta iso siket ya ƙare ko an karya masa farashi. Don haka ana haɗa kaya ne bisa watan isowarsu, kuma a kan maratayi ma haka ake jera su, rukuni-rukuni, daga na kusa zuwa na nesa.

Wannan ya shafi yanayin shekara. Manyan kasuwanni irin su MAGIC da ake yi a Las Vegas ta Amurka a watannin Fabrairu da Agusta, ko baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou ta ƙasar Sin sau biyu a shekara tun 1957, galibi kayan da za a sa nan da watanni masu zuwa ake sara a cikinsu. Yanayin da ake ciki a waje ranar kasuwa ba shi ne ma'auni ba. Kuma masu saye daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. Wanda ya fito daga Ostareliya lokacin sanyinsa shi ne lokacin zafin Turai, wani kuma ƙasarsa ba ta san kwat mai kauri ba gaba ɗaya. Ka tanadi yadda za ka sauƙaƙa haɗi nan take idan irin wannan baƙo ya zo.

Wani abin da ke yawan faruwa shi ne sa samfurin launin da aka riga aka soke a gaban rumfa, saboda shi ya fi ɗaukar ido. Kowace safiya ka tambayi masu karɓar oda abin da aka soke da abin da ya ƙare, ka sauke shi. Lambar riga kuma kada a cire ta ko a cusa ta inda sai an tuɓe mutum-mutumi kafin a gani. A maƙala ta a wuri ɗaya a kan dukkan kaya, misali hannun hagu, yadda mai saye zai ɗauki hotonta da waya ya wuce.

Guga da tururi

Samfur yakan zama guda ɗaya tak. Idan ya ƙone babu na biyu, kuma rigar ta fita daga kasuwa ke nan har a tashi. Alamar dutsen guga da ke jikin takardar umarnin wanki da ake ɗinkawa a cikin riga tana da ɗigo: ɗigo ɗaya zafi kusan digiri 110, biyu kusan 150, uku kusan 200. Nailan da makamantansa na ɗigo ɗaya ne, ulu na biyu, auduga da lilin su ke jure na uku. Samfur da yawa ba su da wannan takarda tukuna, don haka a fara gwadawa a cikin kalmasa ta ciki. Zafi in ya yi wa foliyesta yawa yakan bar ƙyalli a jikinsa, musamman baƙi, kuma ƙyallin nan narkewar zare ce, ba ta gyaruwa. A goga ta bayan yadi, ko a shimfiɗa farin ƙyallen auduga a kai.

Na'urar tururi ta fi aminci, amma ita ma tana da nata sharri. Idan tiyonta ya lanƙwashe, ruwa na taruwa a ciki ya fantsamo, ya bar tabo a siliki. A riƙa ɗaga tiyon sama ruwan ya koma, kuma a fara fesa tururin a iska kafin a kai shi jikin riga. Karan-miski daga ciki ake yi masa tururi, dutsen guga ba ya taɓa fuskarsa. Siket mai kalmasa jere-jere da aka danne kada a cika masa tururi, zai saki. Fata kuwa a nisanta ta da shi. Bayan tururi a bar rigar ta huce ta bushe kamar minti 10 kafin a sa wa mutum ko a matsa ta cikin sauran kaya, in ba haka ba sabon yamutsi za ta ɗauka, wanda ya fi na farko wuyar fita. Wannan aiki duk na daren jajibiri ne; wanda ya bar shi sai safiyar buɗe kasuwa zai yi shi cikin gaggawa, kuma cikin gaggawa ake ƙona kaya.

Rataya ma tana ɓata kaya. Suwaita da duk kayan saƙa masu nauyi suna miƙewa a kan hanga, kafaɗarsu ta yi tsini, don haka a ninke su ake ajiyewa. Wandon jins mai duhu yana zubar da shuɗi a jikin farin kaya in sun gogu. Riga mai duwatsu ko ƙyalƙyali tana jan zaren shifon da ke kusa da ita. A raba su da leda ko a ba su tazara. A bar sararin yatsu biyu tsakanin hanga da hanga, ƙugiyoyinsu duka su kalli gefe ɗaya, don mai saye ya zaro riga da hannu ɗaya ba tare da wasu uku sun biyo ta ba.

Hasken rumfa

Mutane da dama ba sa kula da fitila sai an sami saɓani a kan launi. Ƙwan fitila mai haske rawaya-rawaya, na wajen 2700 zuwa 3000 a ma'aunin Kelbin da ake auna launin haske da shi, yana sa fari ya koma ruwan madara, shuɗi mai duhu ya yi kama da baƙi. A masaƙu kuwa da haske mai kama da na rana, wajen 6500, ake tantance launi. Akwai kuma yadi biyu da za su yi daidai a ƙarƙashin wata fitila, a wata kuma su bambanta. Saboda haka haɗin da ka yi a ofis ka sake dubansa a cikin rumfar bayan an kunna fitilunta, kuma ka ajiye guntayen yadi na kowane launi da mai saye zai iya ɗauka ya kai bakin taga.

Masu tallar kaya da sauya sutura

Hoda da jan-baki a wuyan riga su ne tabon da aka fi samu. Maganinsa siririn gyale da za a rufa a fuska duk lokacin da za a sa riga ko cire ta ta kai. Turare da man shafawa mai maiƙo a bar su sai an tashi, zobe da agogo a cire kafin a zura hannu cikin yadi mai laushi. Kayan ciki su zama launin fatar mai sawa, marasa ɗinki mai tudu. Fari a ƙarƙashin farar riga fitowa yake yi. Takalmin aro a manna masa tef a tafinsa don ya koma yadda ya zo.

Idan akwai nuni a kan dandamali, kowane haɗi ya sami katinsa: hoton cikakken haɗin, sunan mai sawa, lambarsa a jeri, da abin da za a fara sawa. A kwance maɓallai, a zuge zif, a kwance igiyar takalmi tun kafin a fara. Zif da ke cijewa a gwada shi tun jiya a goga masa kan fensir. A cikin rumfa kuwa tafiyar ƙasaita ba ta da amfani sosai. Mai saye so yake a juya masa gaba da gefe da baya, a ɗaga hannu, a sa hannu a aljihu, a zauna a tashi, kuma a matso ya taɓa yadin. Ka koya wa mai tallar kayan lambar abin da ta sa da launukan da ake da su, domin ita za a fara tambaya.

Jakar aiki kada ta rabu da kai: fil, maƙale manya da ƙanana, allura da zare fari da baƙi da ruwan toka, ƙaramin almakashi, tef ɗin awo, abin ɗauke gashi da ƙura daga yadi, tef mai manne fuska biyu (ban da siliki da fata mai gashi-gashi, yana bar musu danƙo), da ƙarin igiyar wuta don na'urar tururi.

Barin rumfa yadda aka kafa ta

Kasuwa takan ɗauki kwana uku ko huɗu, kuma ɗan sari ɗaya yakan wuce ta gaban rumfa fiye da sau ɗaya. Kowace yamma ka zauna da masu karɓar oda ka ji abin da aka fi rubutawa da abin da ake ɗagawa a mayar. Wanda ke tafiya a kai shi gaba. Wanda ake ɗagawa a mayar sau da yawa haɗinsa ne bai yi ba, ko kuma a kan hanga ba ya nuna siffarsa. A gwada shi a jikin mutum washegari kafin a yanke masa hukunci.

Ranar tashi ita ce ranar da samfur ya fi ɓata, don kowa sauri yake yi. Kafin a rufe kowane kwali a cire duk fil da maƙale, saboda fil da aka manta yana yin tsatsa ko ya yaga yadi a hanya. A ƙirga kaya da takardar da aka shigo da su, lamba bayan lamba, a ware masu tabo ko yagewa da ɗan rubutu a jikinsu, sannan duk samfurin da aka ba wani aro a rubuta sunansa da ranar da zai dawo da shi.