Yadda Ake Fara Sauraron Faifan Garmaho Ba Tare da Lalata Shi Ba

Da faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, mutane da yawa sun ɗauka cewa kwanan faifan garmaho ya ƙare, kuma tsawon shekaru kamar haka ne abin ya kasance. Sai ga shi a 2022 yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987, a zamanin da kusan kowace waƙa tana cikin wayar hannu. Ba don ya fi sautin dijital tsabta ba ne, domin idan aka je ga awo CD ya fi shi ƙarancin hayaniya da faɗin tazara tsakanin ƙaramin sauti da babba. Abin da ke riƙe masu kunnen kiɗa shi ne cewa a nan sautin daga taɓawa yake fitowa: ƙanƙanuwar allura mai bakin daimon tana bin tsagi guda da ya nannaɗe daga gefen faifai zuwa tsakiyarsa, tana girgiza da duk lanƙwasar da aka sassaƙa a bangon tsagin. Saboda haka duk abin da ya shafi wannan taɓawa, ƙura ce ko nauyi ko karkata, kunne zai ji shi.

Abu na farko shi ne sanin irin faifan da ke hannu. Babban faifai mai faɗin inci 12, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti guda, kuma kowace fuska tana ɗaukar kimanin minti ashirin. Ƙarami mai inci 7, na kamfanin RCA Victor a 1949, juyi 45 yake yi. Tsohon faifai mai juyi 78 kuwa tsaginsa ya fi faɗi, allura ta daban yake buƙata, kada a yi ganganci da ta zamani a kansa.

Wajen zaɓen na'ura, a guji ƙananan nan masu kama da akwati, masu lasifika a jiki, duk da kyan da suke da shi a ido. Yawancinsu ba a iya daidaita nauyin allurarsu, kuma lasifikar da ke zaune a gida ɗaya da faifai tana girgiza shi yayin da ake karanta shi. A nemi wadda ke da ƙarfen nauyi mai juyawa a bayan hannun allura, kuma wadda ake iya sauya wa allura. Ko igiyar roba ce ke juya farantin da ake ɗora faifai a kai, ko inji ne kai tsaye irin na na'urar Technics SL-1200, masana sun daɗe suna jayayya a kai, amma a ganina mai farawa ba a nan zai fara jin bambanci ba.

Akwai wani abu da yakan rikita sabon shiga. Ya haɗa wayoyi daidai, ya ɗora faifai, sai ya ji sauti siriri, can ƙasa-ƙasa, kamar daga ƙasan rijiya. Na'urar ba ta lalace ba. Lokacin yanka faifai ana rage kaurin sauti a ƙara siririnsa da gangan, domin tsagin ya yi matsatsi kiɗa mai yawa ya shiga, bisa ƙa'idar da RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifan kiɗa ta Amurka, ta tsayar a 1954. Dole ne a sami ƙaramar na'urar da ke mayar da sautin yadda yake ta kuma ƙarfafa shi kafin ya isa lasifika. Wasu na'urori da ita suke zuwa a ciki, wasu kuma sai an saya daban, don haka a tambaya tun kafin a biya kuɗi.

Daidaita nauyin allura shi ne aikin da ya fi cancantar haƙuri. A ɗora na'urar a kan abu mai ƙarfi wanda bai karkata ba, nesa da lasifika. A juya ƙarfen bayan hannun a hankali har hannun ya tsaya a iska, bai nutse ba bai ɗaga ba, sannan a mayar da ma'aunin kan sifiri, a ƙara nauyin da kamfanin allurar ya rubuta, wanda galibi yana tsakanin giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Mutane kan yi zaton rage nauyi tausaya wa faifai ne, alhali allurar da ta yi sauƙi da yawa tsalle take yi a cikin tsagi tana dukan bangonsa, ɓarnarta ta fi ta mai ɗan nauyi. Akwai kuma ɗan maɓalli da ke hana hannun zamewa zuwa tsakiya, wanda a farko ake sa shi daidai da lambar nauyin. Allura kanta tana cinyewa, bayan sa'o'i ɗari biyar zuwa dubu na aiki a sauya ta, domin wadda ta dushe karce tsagi take yi, kuma abin da ta karce ba ya dawowa.

Faifai a riƙe shi ta gefe da tafin hannu, yatsa ɗaya a kan takardar tsakiya, saboda maiƙon yatsa ƙura yake kamawa. Kafin kowane sauraro a ɗora buroshi mai laushi a kansa yana juyawa sau biyu ko uku, a share allura kuma daga baya zuwa gaba, ba gefe da gefe ba. Tsohon faifan da aka saya yakan buƙaci wanki da tacaccen ruwa marar gishirin ƙasa, a bar shi ya bushe sarai. Idan ana dubawa kafin saye, a karkata shi a ƙarƙashin haske mai ƙarfi: karcen da ido kawai ke gani sau da yawa ba ya magana, amma wanda farce ya ji, zai riƙa yin "tak" a kowane juyi.

Ajiya a tsaye ake yi, kamar littattafai a kanta, ba a jibge ɗaya kan ɗaya ba, kuma nesa da rana da duk wani abu mai zafi, domin robar faifai tana lanƙwashewa, lanƙwasasshen faifai kuwa da wuya ya koma yadda yake. Rigar takarda ta ciki idan ta tsufa gari take zubarwa a tsagi, gara a maye ta da mai santsin leda. Da fuskar farko ta ƙare, a ɗaga allura da ɗan sandan ɗagawa ba da yatsa ba, a jira farantin ya tsaya, sannan a juya faifan.