Babi na Bakwai: Akwatin Katako da Ruwa Ba Ya Shiga

Duk mai shiga kwalekwale, ko a kogin Kwara wajen Yawuri ko a tafkin Chadi, ya san ruwa ba ya rabuwa da gindin jirgi. Gari ya jiƙe, ashana ta mutu, waya ta lalace. A Amurka, masu bin kogin Kolorado da jirgin roba suna zuba kayansu a akwati mai murfi da roba a baki. Irinsa za mu haɗa da katako. Ku bi a hankali, babu mai korarku.

Darasi na 1: Kaya da awo

Ku sayi filawud, wato katakon nan mai falle-falle da aka manne, mai kaurin milimita 12. Ku ce wa mai shago na jirgin ruwa kuke so, domin gam ɗin da ke tsakanin fallayensa ba ya saki a ruwa. Guda ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ya isa har da saura. Sai siraran katako masu kaurin santimita 2 ta kowane gefe, da sukuru masu tsawon milimita 25 waɗanda ba sa tsatsa, da sanfefa, da fenti mai mai, da gam mai kwalba biyu wanda sai an haɗa yake kamawa. Kada ku karɓi farin gam na kujera, yana laushi idan ya sha ruwa.

Ku ɗauki tef. Manyan lambobin su ne santimita. Ƙananan layukan da ke tsakanin lamba da lamba su ne milimita, guda 10 ke yin santimita ɗaya. Ku fara awo daga bakin ƙarfen tef, ba daga lamba 1 ba.

Ku yanka filawud kamar haka, duk da santimita:
Gindi: 60 da 40, guda ɗaya.
Dogon gefe: 60 da 30, guda biyu.
Gajeren gefe: 37.6 da 30, guda biyu.

Wannan 37.6 na nufin lamba 37, sannan ku ƙirga ƙananan layuka 6. Bai kai 40 ba saboda zai zauna tsakanin dogayen gefe biyu, kuma kaurinsu ya cinye wuri.

Darasi na 2: Toshe bakin katako

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi faɗuwa. Ku ɗaga katakon da kuka yanka, ku dubi inda zarto ya bi. Za ku ga layi-layi kamar shafukan littafi a rufe. Wannan shi ne baki. Ku ɗiga ruwa a fuskar katakon, zai tsaya ya yi ƙwallo. Ku ɗiga a baki, kafin ku ƙifta ido ya shige. Ta nan ruwa ke shiga, fallayen su kumbura, su rabu, akwati ya buɗe.

Saboda haka kowane baki sai ya sha gam. Ku goge shi da sanfefa, ku kaɗe ƙurar. Ku haɗa gam daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Idan rubutun ya yi wuya, a karanta muku, babu kunya a ciki. Ku haɗa kaɗan, kamar cokali biyu, domin da zafin rana yana saurin daskarewa. Ku shafa a baki. Zai shanye, wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Wannan ba kuskurenku ba ne, ƙishirwa katakon ke ji. Ku sake shafawa. Sai kun ga bakin yana ƙyalli sannan ya ƙoshi.

Kowane katako baki huɗu gare shi. Katako biyar kuka yanka, baki 20 ke nan. Ku ƙirga da babbar murya, ku sa alamar alli a kan wanda kuka gama. Har bakin da zai ɓuya a cikin haɗi, shi ma a shafa.

Wasu za su ce ai fenti zai rufe. Ba zai rufe ba! Fenti yana tsagewa a kusurwa da zarar akwati ya bugi jikin jirgi. Mutum ya kashe kuɗi ya sayi katako mai tsada, sannan ya yi ƙyuya a aikin rabin awa, wannan wace irin dabara ce? Wanda bai gama baki 20 ba, kada ya juya wannan shafi.

Darasi na 3: Haɗawa

Gefuna suna zama a kan gindi. Ku sa siririn katako a kowace kusurwa ta ciki, da kuma zagayen baki na sama daidai da gefe. Gam tukuna, sannan sukuru. Ku fara huda ɗan rami, ku ɗaura sukuru daga waje ya shiga siririn katakon, tazarar santimita 10. Idan gam ya ɓulɓulo, madalla, ku shafe shi da tsinke cikin kusurwar. Ku toshe kan kowane sukuru da gam. A bar shi ya kwana ya wuni.

Darasi na 4: Murfi

Ku yanka 63 da 43. Ku manna masa leɓe na filawud mai faɗin santimita 5 a ƙarƙashinsa: biyu masu tsawon 63, biyu masu 40.6. Zai kifu a kan akwati kamar hula. Waɗannan ma suna da baki, kun san abin yi. Ku manna roba mai laushi, irin ta ƙofar mota, a zagayen bakin akwati. Mahaɗarta ta kasance a tsakiyar gefe, kada ta faɗo a kusurwa.

Darasi na 5: Fenti da gwaji

Fenti sau uku, ciki da waje, kowanne ya bushe. Ku cika akwatin da ruwa ya kwana a busasshen siminti. Inda ya yi danshi, a bushe shi a ƙara gam.

Darasi na 6: A cikin jirgi

Ku ɗaure murfi tam da robar tayar ciki guda biyu, ku ɗaure akwatin a jikin jirgi.